Kafin ya zama kangararre, sai da ya kasa karatu

A garejin da nake kai mota gyara akwai wani yaro ɗan shekara 15. Maigidansa zai ce masa, "Miƙo min sifana mai lamba 14, ka karɓo man birki, ka biya ka ce wa mai walda ina jiransa." Sai ya dawo da abu ɗaya, sauran biyun sun zube a hanya. Sai ranƙwashi, sai "kai wane irin dolo ne?" Ranar da wani ɗan'uwansa ɗan koyo ya yi masa dariya, kafin ka ce kwabo ya rotsa masa kai da ƙarfe. Aka kai shi caji ofis. Da na tambaya ko ya yi boko, aka ce ya gama aji shida, amma sunansa ma da ƙyar yake haɗawa.

Mu dai mun yanke hukunci: ba ya jin magana. Ni kuwa ina ganin mantuwar aike da kasa karatu da ɗaukar ƙarfen nan duk jijiyarsu ɗaya.

A bayan goshi akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe abu a ka har a gama aiki da shi, yana taka wa zuciya birki idan ta harzuƙa, yana kuma sauya dabara idan ta farko ta ƙi. Shi ne sashen da ya fi jinkirin nuna, sai mutum ya kai wajen shekara 25. Yaron da nasa ya raunana, malami na tsakiyar jimla farkonta ya ɓace masa. Yana aji uku an bar shi a baya, bulala ta zama abincinsa, ya fara fakewa a kasuwa ko tasha. A can kuwa akwai masu jiransa da sholisho da tiramadol, waɗanda ke ƙarasa cinye ɗan birkin da ya rage.

Ba hasashe ba ne. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Sakamakon da Farfesa Terrie Moffitt da abokan aikinta suka fitar a 2011 ya nuna cewa cikin waɗanda suka fi kasa kame kansu tun suna ƙanana, kashi 43 cikin ɗari kotu ta taɓa samunsu da laifi kafin su wuce shekara 32, alhali a cikin waɗanda suka fi iya kamewa kashi 13 ne. Ko da aka cire bambancin basira da na arzikin iyaye, tazarar ba ta ɓace ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, musamman wanda aka taɓa tsare shi da wuƙa aka ƙwace masa waya. Yana da gaskiya, raunin birki ba ya wanke wanda ya zubar da jini, dole a hukunta shi. Tambayata ita ce, me muke yi da shi a watannin da yake hannunmu? A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, saboda ba su da inda za su kai su. Mari yana koya wa yaro tsoron mai bulala, bai taɓa koya masa tsayawa ya yi tunani idan mai bulalar ba ya nan ba.

Shi kuwa birkin ana iya ɗaure shi. A Monrovia ta Laberiya an gwada da samari 999, cikinsu har da tsofaffin mayaƙa da masu sayar da ƙwaya. Wasu an ba su horon mako takwas kan danne fushi da tsara gobe, wasu dala 200, wasu duka biyun. Bayan shekara goma, waɗanda suka sami duka biyun aikata laifinsu ya ragu da kusan rabi. Mako takwas fa! Mu kuma gidajen horon matasa na tarayya da aka sani shekara da shekaru uku ne kacal, a Kaduna da Ilori da Abeokuta, yara da yawa sai a cusa su kurkuku cikin manya.

Abin da zan so gwamnatocin jihohi su fara da shi ba ya buƙatar sabon gini. Duk yaron da aka kai gidan kangararru, a ranar farko a miƙa masa littafin aji biyu ya karanta, alƙali ya ga sakamakon kafin ya yanke hukunci. A firamare kuma, ɗan aji uku da bai iya haɗa baƙi ba a ware masa awa guda kullum, cikin rukuni kaɗan, maimakon a tura shi gaba don a rabu da ƙaya. A Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, waɗanda suka tsira yanzu samari ne, kuma dalma tana lalata daidai wannan sashen na ƙwaƙwalwa. Su ya kamata a fara dubawa.

Yaron garejin dai an yi sulhu, kawunsa ya biya kuɗin ɗinki, ya dawo aiki. Maigidan ya daina jera masa aike uku. Yanzu ɗaya yake ba shi, ya sa ya maimaita da bakinsa kafin ya tafi. Ran nan ina zaune ya dawo da sifana mai lamba 14.