Mu tara ne har da oga

Jiya wani ƙanena a sana'a ya turo min saƙo, wai wani ƙaramin kamfanin ba da shawara kan harkar gudanarwa ya ɗauke shi aiki, ya karɓa ko ya ci gaba da jiran manya? Na fara ba shi amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya, shi ya sa na ce bari in baje ta a nan. Shekara huɗu na yi a irin wannan kamfani. Mu tara ne har da oga, har da mai kula da kuɗi wadda ita ce kuma mai amsa waya.

Ga wanda bai san aikin ba: kamfani ko ma'aikata za ta ga al'amuranta sun cakuɗe, kuɗi na zurarewa ba a san ta ina ba, ko ma'aikata sun yi yawa aiki bai tafiya, sai ta ɗauko mu daga waje mu duba mu faɗa mata abin yi. Ba mu da kaya a sito. Abin da muke sayarwa lokacinmu ne da ƙwaƙwalwarmu. Shi ya sa duk ƙarshen mako kowa zai cike takardar awanni: waɗannan na yi wa kwastoma kaza, a caje shi, waɗannan kuma na yi su a kan aikin ofis, babu mai biya. Ba ka daɗewa za ka gane cewa darajarka a idon kamfani tana cikin layin farko ne. Ranar da na fara lissafa zaman cin abincin rana a matsayin awa ɗaya da ta salwanta, na san aikin ya shige ni.

Bari in fara da alherin, don akwai shi, kuma ba kaɗan ba. A manyan gidaje irin su McKinsey ko Deloitte ko PwC, akwai masu bincike daban, masu gyara silayid (shafukan da ake haskawa a allo lokacin gabatar da rahoto) daban, lauyoyi daban, sabon shiga kuma yanki ɗaya na aikin ake damƙa masa. Mu kuwa babu wanda za ka miƙa wa. Kai ne mai rubuta takardar neman kwangila, kai ne mai hira da ma'aikatan kwastoma, kai ne mai lissafi a Excel, kai ne mai zane a PowerPoint, in firinta ta cije takarda kai ne makanike. A makona na uku aka tura ni ni kaɗai sito na wani kamfanin rarraba kaya, in gano dalilin da ya sa lissafin kayan da ke kwamfuta bai taɓa dacewa da wanda ke ƙasa ba.

Na je da littafina da tambayoyi goma sha biyu da na tsara. Wani dattijo mai kula da siton ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, zo ka gani." Ya nuna min wata kusurwa da ake jibge kayan da aka dawo da su. Direba zai sauke, ya sa hannu a wani littafi mai baƙin bango, kuma babu wanda aka ɗora wa shigar da abin da ke littafin nan cikin kwamfuta. Ya ce ya faɗa wa manajoji uku, kowanne ya ce to. Makonni shida muka ƙara muna aiki, muka fitar da rahoto mai shafi arba'in da launuka, amma gaskiyar magana zuciyar rahoton maganar Baba ce ta minti biyar. Bambancin kawai, mu an biya mu, don haka aka saurare mu. Tun daga ranar, duk inda aka tura ni, masu gadi da direbobi da masu shigar da bayanai nake fara nema kafin masu kwat.

Sai dai rashin mai duba maka aiki, wuƙa ce mai baki biyu. Akwai daren da muke shirin gabatar da rahoto da safe, wajen ƙarfe ɗaya na lura cewa dabarar tarawa da na sa a Excel ta tsaya a layi na 212, alhali bayanan sun kai layi na 260. Rassa biyu cur ba su shiga lissafi ba. Jikina ya yi sanyi. Adadin da oga ya riga ya faɗa wa kwastoma ta waya da yamma, ba daidai ba ne. Na gyara, na sake zana silayid bakwai, na kira shi da asuba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka tabbata wannan karon?" Ban taɓa sake miƙa lissafi ba tare da na tara shi ta hanya biyu ba. Babu kwas ɗin da zai koya maka wannan, amma kuma kamfanin da ke da tsari da wani ya kama kuskuren tun kwana uku baya.

Maganar kuɗi kuwa, a taƙaice: ƙaramin kamfani a kan kwastoma biyu ko uku yake tsaye. Ɗaya ya jinkirta biya, albashi ya jinkirta. Wata uku ba ka ganin rana saboda aiki, wata biyu kuma kuna zaune kuna rubuta takardun neman kwangila da yawancinsu ko amsa ba za a ba ku ba. A irin lokacin ne ake tara ku a ce, "Mu nan ai 'yan uwa ne." Na lura 'yan uwantakar ta fi ƙarfi a watan da za a nemi ka yi haƙuri, tana kuma yin rauni a watan da aka samu babbar kwangila. Ba na cewa ƙarya ce gaba ɗaya. Lokacin da mahaifina ya kwanta asibiti, oga da kansa ya ce in tafi, kada in cike wata takarda. A babban kamfani sai na bi ta ofishin kula da ma'aikata. Amma alherin da ya dogara da halin mutum ɗaya, ranar da ya tashi da ɓacin rai shi ke nan.

Yanzu ga inda nake so ƙanena ya buɗe kunne. Duk waɗannan ana iya jure su. Abin da zai yanke maka ko shekarunka a wurin riba ne ko asara, shi ne: wa ke shiga ɗaki da kwastoma? A ƙaramin kamfani, ba sunan da ke jikin allo ake saye ba, ogan ake saye. Shi aka sani, shi aka yarda da shi, lambarsa ce a wayar shugabannin. Ni na yi shekara biyu ina rubuta rahoton da wani zai tsaya ya gabatar, ina zaune a kujerar baya ina danna silayid na gaba. In aka yi tambayar da ni kaɗai na san amsarta, sai in rubuta a 'yar takarda in miƙa. Da taro ya tashi, sai a ce in je in duba ko mota ta iso, daidai lokacin da ake maganar aiki na gaba.

Na daɗe ina jin haushi, har na karanta tarihin sana'ar na gane tsoro ne ke sa oga yin haka, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne. Wannan sana'a da ɓallewa take haihuwa. Bruce Henderson ya yi aiki a kamfanin ba da shawara na Arthur D. Little a Amurka kafin ya kafa Boston Consulting Group a 1963. Shekara goma bayan haka, a 1973, Bill Bain ya fice daga wurin Henderson da wasu abokan aikinsa, ya kafa Bain & Company, wasu kwastomomi suka bi shi. Ita kanta McKinsey, da James McKinsey ya kafa a Chicago a 1926, ta rabu gida biyu bayan rasuwarsa a 1937, ɓangaren Chicago ne ya zama A.T. Kearney. Tunda babu injin da za ka bari a baya, duk wanda ya san aiki ya kuma san kwastoma, kamfani ne mai tafiya da ƙafa biyu. Ogana ya san haka sarai, domin shi ma haka ya faro.

To amma na fahimce shi ba yana nufin na ba shi gaskiya ba. Mai ɓoye kwastoma ga yaransa, kamfaninsa ba zai taɓa wuce tsawon ranarsa ba, awanninsa ashirin da huɗu ne kamar na kowa. Marvin Bower, wanda ya gina McKinsey bayan mai ita, a 1963 ya sayar wa abokan aikinsa hannun jarinsa a kan farashin da ke littafi, ba farashin da kasuwa za ta ba shi ba, don kamfanin ya zama na masu yi masa aiki. Ba na tsammanin kowane oga ya yi haka. Amma tsakanin wannan da tura ni duba mota akwai fili mai faɗi: a sa sunanka a rahoto, a bar ka ka gabatar da sashe ɗaya, a faɗa maka abin da za ka yi ka zama abokin tarayya, in ma akwai wannan hanyar.

Don haka na ce wa ƙanena ya karɓa, amma kafin ya sa hannu ya tambayi mutum nawa suka bar wurin a shekara biyun da suka wuce da inda suka koma, ya tambayi wane ne banda oga ya taɓa jagorantar taro da kwastoma, ya kuma karanta sakin layin da ke hana shi aiki da kwastomomin kamfani bayan ya tafi. Ni ban karanta nawa ba sai da na zo tafiya. Shekara ɗaya aka rubuta.

Wata biyu da barina wurin, manajan kamfanin rarraba kayan nan ya kira ni a wayata. Ashe tun ranar da na miƙa 'yar takardar nan yana kallona, lambar kuma a wurin Baba mai sito ya samo ta. Ya ce suna da aiki a wani sabon reshe. Na ce ranka ya daɗe, sai dai ka kira oga, hannuna a ɗaure yake. Ya yi dariya ya ce, "Wata nawa ya rage?" Na ce goma. Ya ce reshen ma ba a gama ginin ba tukuna.