Tsakanin cin jarrabawa da shan rantsuwa

A Amurka, baƙon da hukuma ta amince da buƙatarsa ta zama ɗan ƙasa ba ya zama ɗan ƙasa sai ranar da ya ɗaga hannu ya sha rantsuwar mubaya'a. Ko da ya shekara biyar da katin zaman dindindin, ko uku idan ɗan ƙasa yake aure, ya cike fom ɗin neman zama ɗan ƙasa mai suna N-400, ya biya kuɗi, ya ci jarrabawar Turanci da ta tarihin ƙasa, jami'i kuma ya ce masa ya yi nasara, a idon doka har yanzu baƙo ne. Ra'ayina shi ne, duk jinkirin da aka samu bayan wannan amincewa zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi shi ba, domin hukuma ta gama bincikenta, abin da ya rage kawai ta ware zaure da lokaci.

Shekarar 2020 ce ta fito da girman matsalar fili. Hukumar USCIS, mai kula da shige da fice da ba da izinin zama ɗan ƙasa a Amurka, ta rufe ofisoshinta ranar 18 ga Maris saboda annobar korona, ba ta sake buɗewa ba sai 4 ga Yuni, kuma a tsakanin nan mutum fiye da dubu 100 da suka gama komai suka maƙale suna jiran rantsuwa, ga babban zaɓe yana tafe ranar 3 ga Nuwamba. Kanada da Ostareliya sun koma rantsar da mutane ta bidiyo a intanet, amma hukumar Amurka ta ƙi, tana mai cewa doka ta buƙaci mutum ya bayyana da kansa. Daga baya an ga jami'ai a wasu birane tsaye a filin ajiye motoci, da takunkumi a fuska, suna rantsar da mutane ta tagar mota. Wannan kaɗai ya nuna cewa da ma ana iya sauƙaƙa abin idan an ga dama.

Masu cewa ai 'yan watanni ne, wanda ya yi haƙurin shekaru ba zai kasa na watanni ba, ba su duba abin da watannin suke cinyewa ba. Mai jira ba zai yi rajistar zaɓe ba, idan kuma ya kuskura ya kaɗa ƙuri'a kafin rantsuwa ya aikata laifin da zai iya rusa masa komai. Ba shi da fasfon Amurka, yawancin ayyukan gwamnatin tarayya a rufe suke gare shi, kuma ba zai iya shigar da takardar ɗauko mahaifiyarsa ba, domin ɗan ƙasa kaɗai doka ta ba wannan dama, alhali tsohuwa ba ta da tabbacin ganin baɗi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne batun 'ya'ya. Yaron da yake da katin zaman dindindin, yake kuma zaune a hannun mahaifinsa ko mahaifiyarsa, yana zama ɗan ƙasa kai tsaye ranar da aka rantsar da ɗaya daga cikinsu, matuƙar bai cika shekara 18 ba. To, a ɗauka an sa wa magidanci ranar rantsuwa a watan Afrilu, 'yarsa kuma za ta cika 18 a watan Mayu, sai aka ɗage taron zuwa Yuli. Shi ke nan, damar ta wuce ta, sai ta cike nata fom, ta biya nata kuɗi, ta shiga layi daga farko, ba don wani laifi nata ko na ubanta ba. Ga kuma zullumi: a ranar rantsuwa ana sake tambayar mutum ko ya yi tafiya, ko an kama shi, ko aurensa ya mutu tun bayan ganawarsa da jami'i, saboda haka kowane mako da aka ƙara, ƙofa ce da wata ƙaddara za ta iya shigowa ta cikinta.

Ban raina bikin ba, kuma na san akwai waɗanda suke zubar da hawaye ranar da aka karɓi katinsu aka miƙa musu takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Sai dai mu a wurinmu ɗaurin aure daban, biki daban. Idan an biya sadaki, waliyyi ya amince, shaidu suna nan, ba a hana ɗaura aure don makaɗi bai iso ba. Akwai ofisoshin USCIS da suke rantsar da mutum a ranar da ya ci jarrabawa, kuma ban ga dalilin da zai hana a mayar da hakan ƙa'ida a ko'ina ba, wanda yake son taro da tuta da hotuna a gayyace shi daga baya.

Barin wannan giɓi a buɗe yana da wani haɗarin da ya wuce na annoba. A ƙarshen 2025 an dakatar da rantsar da mutanen da suka fito daga ƙasashen da gwamnatin Trump ta sanya wa takunkumin shiga, cikinsu har da Chadi da Sudan, ko da kuwa an riga an amince da su an sa musu rana.