Tarbiyyar shagon tela: abin da Baba ya bar mini na karatu da sauraro

Mahaifina tela ne, Allah ya jiƙansa da rahama. Ƙarfinsa duk a kan keken ɗinki ya ƙare, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Wunti a nan Bauchi. Kowa ya san sunan da teloli suka yi gab da Sallah, amma shi da zarar azumi ya raba tsakiya ya daina karɓar yadin kowa. Sai ka ga babban mutum ya zo da shadda mai tsada, ya ce zai ninka kuɗin ɗinki, Baba ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, hannuna ya cika. Ga shagon wane can, yana da hannu mai kyau." Abokin sana'arsa yake tura wa ciniki, kuma bai taɓa ganin hakan asara ba. A wurinsa ranar da ya faɗa wa mutum ya zo ya karɓi kayansa bashi ce a wuyansa.

Yana da littafin awo, irin littafin 'yan makaranta mai layi, bangonsa ya yi baƙi don shan hannu. Tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, sai ranar karɓa. Idan ya gama riga sai ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, ya tsinke duk zaren da ya yi saura, alhali mai rigar ba zai taɓa duba wurin ba. Ragowar yadi kuwa, ko da bai fi tafin hannu biyu ba, zai naɗe shi ya sa a aljihun rigar ya koma wa mai shi. Mu yaran shago mun fi shekara muna sa maɓalli da guga da dutsen guga na gawayi kafin ya bari mu taɓa almakashi. Ban zama tela ba, aikin ofis nake yi, amma har yau idan na karɓi abin da na san ba zan gama a kan lokaci ba, ba na samun barci.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne yadda nake ganin mun koma a harkar ji da karatu. A shagon nan akwai rediyo rataye a ƙusa, an ƙara wa eriyarta waya don ta kama gajeren zango. Da an fara labarai keke zai tsaya. Baba yana jin BBC, wadda ta fara shirin Hausa tun 1957, ya ji Muryar Jamus, ya ji Muryar Amurka, sannan ga Rediyon Kaduna. Idan wani ya shigo da zafinsa ya ce an yi kaza a Legas, sai ya tambaye shi, "A ina ka ji? Ka ji har ƙarshe?" Labari bai zama abin faɗa a bakinsa ba sai ya ji shi a tasha biyu. Yakan jawo mana hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Yau fa? A yanko daƙiƙa arba'in daga karatun malami na awa biyu, a saka a WhatsApp, kafin la'asar an raba gari biyu ana zage-zage. Wanda ya tura bai ji abin da aka faɗa kafin wurin ba, bai ji na bayansa ba, wani lokacin ma bai san shekarar da aka yi maganar ba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin na ga zumunci ya lalace a kansa, na ga 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa. Shawarata ta farko a kan sauraro ke nan: ka zaɓi malamin da ka amince da iliminsa, ka ɗauki tafsirinsa ko karatun littafi guda, ka bi shi daga zama na farko zuwa na ƙarshe. Ban ce wane ba, kowa ya san inda zuciyarsa ta natsu. Za ka tarar yawancin maganganun da ake tayar da jijiyar wuya a kansu suna da gaba da baya, kuma mai maganar da kansa ya warware su a zama na gaba.

Baba bai yi boko mai zurfi ba, yaƙi da jahilci ya shiga da girmansa, amma yana karanta Hausar boko da ajami. Littattafansa ba su cika kwali ɗaya ba, sai dai kowanne ya karance shi tas, wasu ya maimaita. Wanda na fi so matasan Bauchi su nema shi ne Shaihu Umar. Abin kunya ne a ce muna wucewa ta gaban kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa kullum, muna kiran sunan jami'ar da aka sa wa sunansa, amma da yawanmu ba su san ya rubuta littafi ba. Yana malamin makaranta ya rubuta shi, a gasar da aka shirya a Zariya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Littafin ƙarami ne, za ka iya gama shi a yini biyu. Labarin zamanin cinikin bayi ne, yaro ya rabu da uwarsa, uwar ta bi sahunsa har ta ƙetare Sahara. Idan ka karanta za ka gane irin natsuwar mutumin da ya zama Firayim Minista daga baya, ba ya gaggawa a zance, ba ya ƙawa da yawa. Ni duk lokacin da na zo wurin wahalar da uwar nan ta sha sai na ajiye littafin na ɗan huta.

Magana Jari Ce kuwa, ga masu 'ya'ya nake ba da shawararsa. Littafi uku ne, aku yana ba ɗan sarki labari dare bayan dare. Kada ka miƙa wa yaro ka ce je ka karanta. Ka zauna bayan isha'i ka karanta masa labari ɗaya da bakinka, gobe shi ya karanta maka. Haka Baba ya yi mana a kan tabarma, kuma a nan na tsinci Hausar da nake rubutu da ita yanzu.

Sai Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958. Mun iya sa sunansa a makarantu, amma waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya mutum nawa ne cikinmu suka zauna suka bi ta baiti-baiti? Tana da nauyi, akwai kalmomin da sai ka tambayi dattijo, kuma wannan tambayar ma riba ce. A tuna, a shekarun 1940 a garin nan ne shi da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a Midil ta Bauchi, da Tafawa Ɓalewa suke zaman muhawara kan halin da Arewa take ciki. Ra'ayinsu ya sha bamban, daga baya ma jam'iyyunsu suka bambanta, amma kowanne yana zama ya ji ɗan uwansa har ya kai aya. Garin da ya yi wannan tarihi bai kamata 'ya'yansa su zama masu yanke hukunci daga kanun labari ba.

A ɓangaren addini, Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi ya isa mafari. Hadisi ɗaya a mako, a gaban malami, kafin shekara ta zagayo ka sauke.

Na san wani zai ce zamani ya canza, babu lokaci, ga tsadar rayuwa. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, amma a duba awa nawa waya take ci mana a yini. Baba yana aiki daga hantsi zuwa magariba, hannunsa na kan yadi, kunnensa na kan rediyo. Mai tuƙa Keke Napep, mai jiran shago, uwargida a kicin, duk suna da wannan damar, har sun fi shi, tunda yanzu shirin da ya wuce ka yana nan a intanet. Shirin Ra'ayi Riga na BBC, alal misali, ka ji shi gaba ɗaya, har da ra'ayin wanda ba ka so.

Idan labarai suka ƙare, kaset ɗin Ɗan Maraya Jos Baba yake sakawa. Yana son sa ne don da kuntiginsa ɗaya ya yi wa talaka mai neman na kansa waƙa, har karen mota bai bari ba, kuma waƙoƙinsa na zaman aure sun fi wa'azin wasu ratsa jiki. Ya rasu a 2015, kuma ina jin tsoron yaranmu su tashi ba su san muryarsa ba. Haka Shata, haka waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi da makafi da almajirai suke rerawa a da.

Ina roƙon duk wanda mahaifinsa ya bar masa kwalin kaset, a Bauchi ne ko Gombe ko Azare, kada ya bar shi a ɗakin ajiya. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura. A nemi masu saka waƙa a waya a kasuwa, a tambayi wanda zai iya juye su zuwa kwamfuta, musamman karatuttukan malaman unguwa da waƙoƙin makaɗan ƙauye waɗanda babu su a ko'ina sai a wannan kwalin.