"Ai Mun Yarda da Juna": Kalmar da ke Raba Zumunci

Jiya bayan la'asar na tarar da taro a zauren mai unguwarmu. Samari biyu ne, abokai tun makarantar allo, kowa ya cika yana batsewa. Ɗaya ya sayi adaidaita sahu ya ba ɗayan, a kan ya riƙa kawo balas kullum har kuɗi su cika mashin ya zama nasa. Yau wata goma sha huɗu. Direba ya ce miliyan uku aka yi, ya kusa gamawa. Mai mashin ya ce uku da rabi ne, kuma kwanakin da aka yi a gareji ba sa cikin lissafi. Mai unguwa ya ce, "To, ina takarda?" Sai aka yi tsit. Shaida ɗaya tak, shi ma Allah ya yi masa rasuwa da azumi.

Abin da ya ƙona min rai shi ne amsar da suka bayar baki ɗaya: "Baba, ai mun yarda da juna ne." Yarda! 'Yan uwana matasa, wannan kalma ta kashe zumunci fiye da yadda talauci ya kashe. A ba da bashi, mun yarda da juna. A jinginar da gona, mun yarda da juna. A haɗa jari a buɗe shago, a karɓi kayan dubban ɗaruruwa a Kantin Kwari, duk da fatar baki. Kai kana jin kunyar cewa a rubuta, shi kuma yana jiran ka faɗa ya ce ka zarge shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar ciniki kuwa ba a kunya.

Wa ya fi Allah sanin bayinsa? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Aka ce a sa lokacin biya, wanda ake bi shi zai faɗa a rubuta, a kafa shaidu biyu, kuma kada a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara gaya wa wannan, ba ni da kai ba. To kai wane ne da za ka ce amanarka ta wuce alƙalami? Mutum yana mantuwa, yana mutuwa, magada kuma ba su san "mun yarda da juna" ba. A gaban alƙali hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, kuma a zamanin nan akwai masu dafa Alƙur'ani kamar suna dafa tebur.

Me ke cikin takardar ma? Suna, adadin kuɗi da lamba da kalmomi, kwanan wata, ranar biya, sa hannu ko dangwale, shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. In fili ne ko gida a nemi lauya, don tun dokar filaye ta 1978 cinikin fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna. Amma yaron da zai kwana yana rubuta zagi a Facebook, layi biyar na haƙƙinsa sun gagare shi. Wani kuma a miƙo masa takarda ya sa hannu bai karanta ba, don kada a ce bai waye ba.

Kada wani ya ce min iyayenmu ba sa rubutu. Fataken da ke kai kaya Gwanja su dawo da goro, maganarsu ɗaya ce, kuma ba sa ƙulla ciniki sai a gaban dattawa. Wanda ya ci amana, kasuwa gaba ɗaya ke juya masa baya. Yanzu wanda ya cinye kuɗin mutane shi ake ba sahun gaba a wurin ɗaurin aure. Mun yar da amanarsu, mun kuma ƙi alƙalami.

Yaran nan dai an tashi ba a sasanta ba. Mashin yana ɗaure a ƙofar gidan mai unguwa, iyayensu mata kuma na ji an ce ko gaisuwa sun daina.