"A yi masa aure, zai natsu"

Yaro ya bar makaranta, an kai shi shago ya gudu, an kai shi gareji bai zauna ba. Sai dattawan gida su yanke shawara: a nemo masa mata, nauyi zai gyara shi. Ni dai ban yarda da wannan maganin ba.

Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a Jamus a 1902, ya kasa rayuwa mataki takwas a littafinsa na 1950, daga goyo har tsufa, kowane mataki da abin da yake nema. Jariri a hannun uwa yake koyon yarda da mutane. Daga balaga zuwa wajen shekara 18, abin da ke cin ran yaro shi ne: ni wane ne, me zan zama? Sai mataki na gaba, na shida, ake maganar iya haɗa rayuwa da wani. Shi kansa Erikson bai san mahaifinsa ba, da sunan mijin uwarsa Homburger ya tashi, sai a Amurka ya koma Erikson, to ba daga nesa ya hango matsalar ba.

Shekarun da ya yanka na ƙasarsu ne, ban ce dole su dace da Kano ko Damagaram ba. Amma jerin ya kama hankalina. Wanda bai san inda ya dosa ba, me zai ce wa 'yar mutane ta biyo shi? Mun ɗauki yaron da ke neman kansa mun ɗora masa cefane, haya da suna. Ruɗun bai tafi ba, ya dai samu abokiyar zama. Wata shida, ana zaman sulhu a zaure, ana ce wa yarinya ta yi haƙuri, alhali ba ita ta ɓata shi ba.

Akwai kuma wanda ake yabo: ɗan da bai taɓa musu ba. Baba ya ce likita, ya ce to. James Marcia, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana irinsa a 1966: ya riƙe hanya gam, amma bai taɓa duba wata ba. Irin wannan sai ya kai arba'in, da mata da 'ya'ya, tambayar da bai yi a sha bakwai ba ta taso masa, gida ya ce sammu aka yi masa.

Iyaye, kafin kuɗin lefe, an taɓa zaunar da yaron nan an tambaye shi sana'ar da yake so?