Ba lokaci, ba bayanai, ba jagora, amma ana tambayar ina bincikenka

Wai don Allah, da wane lokaci ake so likita mai neman ƙwarewa a rediyolojin jiyya ta kateta, wato jiyyar da ake yi da siririn bututu (kateta) da ake zurawa cikin jiki ana kallo ta na'urar eksire, ya yi bincike? Tun safe yana cikin rigar dalma ta kariya daga hasken eksire, mai nauyin kilo biyar ko fiye, daga sa bututun fitar da fitsari a ƙoda sai buɗe hanyar ɗaci da ta toshe. Daren ma ba nasa ba ne, mai jego ta ɓalle da jini a tashe shi. A takarda an ware masa lokacin bincike, amma da zarar hannu ya yi kaɗan a ɗakin aiki, shi ake fara yankewa.

To, a ce ya samu lokacin. Ina bayanan? Nan ne takaicin yake. Kafin a faɗi abin kirki kan toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin mahaifa, sai an san girman 'yan ƙananan ƙwayoyin da aka zuba don toshe ta, masu maikiron 500 zuwa 700 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ko manyansu, da irin katetar da aka shigar, da mintunan da na'urar eksire ta yi tana haskawa. Buɗe fayil ka gani: "An yi aiki lafiya." Shi ke nan fa! Na'urar da kanta take fitar da lissafin radiyeshin, amma in ba a adana shi tare da rahoton ba, ya tafi. Ga shi kuma marar lafiyar na wani sashe ne, an gama an mayar musu da abinsu. Inda babu ranar da likitocin wannan fanni ke sake ganin waɗanda suka yi wa aiki, wa zai ce jinin ya tsaya bayan wata shida, ko jijiyar da aka buɗe ta sake toshewa? Sai a rubuta cewa kateta ta kai inda ake so, mujalla ta dawo da takardar da tambayar ina sakamakon jiyya.

Kwamitin ɗa'ar bincike ya riƙe takarda watanni, kafin izini ya fito an tura yaron wani sashe. Masanin ƙididdiga kuwa sai an gama tara komai ake tunawa da shi, ya duba ya ce adadin marasa lafiyar bai isa ya amsa tambayar ba. Da tun farko aka kira shi, da an haɗa hannu da wasu asibitoci.

Batun jagora ya fi ciwo. Babban likita zai kama hannunka ya nuna maka dabarar shigar da kateta cikin jijiya da likita Seldinger ya fito da ita a 1953, allura, sai waya, sai kateta, ya nuna maka dalilin huda jijiyar cinya daidai kan ƙashi don a samu wurin dannewa. Madalla. Amma yadda ake tsara tambayar bincike fa? "Je ka nemo mana wani abu mu rubuta." Ba zaman duba aiki, daftari ya yi wata uku ba a buɗe ba, ranar aikawa kuma sunayen waɗanda ba su karanta layi ɗaya ba su cika sama. Wa zai yi magana, alhali mutumin shi ke sa hannu a takardar kammala horonsa?

Likitoci mata kuma, musamman masu ciki, ana korarsu da tsoron radiyeshin maimakon a zaunar da su a yi musu bayani. Iyakar da hukumar kariya daga radiyeshin ta duniya ta sa wa ɗan tayi milisibat 1 ce (awon radiyeshin da jiki ya sha) daga ranar da aka sanar da cikin, kuma ana bibiyarta da ma'aunin da ake sawa a ƙugu ƙarƙashin rigar dalma. A maimakon ma'aunin, sai a cire likita mai cikin daga ɗakin aiki, aikin binciken da ta fara a miƙa wa wani.