Mai mura ya tafi makaranta, mai zazzaɓi ya kwanta a gida

Kafin shekarar 2020 iyaye da yawa ba su ɗauki mura a bakin komai ba. Yaro ya tashi da majina da tari, a taɓa goshinsa, a ce ai da sauƙi, a rataya masa jaka. Makarantu ma yabon ɗalibin da ya shekara bai yi fashi ba suke yi, wasu har da ba shi kyauta. Sai korona ta zo. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, kuma cikin 'yan makonni, a ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗalibai kusan biliyan 1.6 suka koma zaman gida. Da aka sake buɗe azuzuwa, atishawa biyu sun isa a buga wa uwa ko uba waya a ce su zo su ɗauki ɗansu.

Iyaye sun ji wannan darasi, sun kuma riƙe shi da kyau, har hukumomin da suka koyar da shi suka dawo suna neman a sassauta. A Ingila, ɗaliban da ke rasa aƙalla kwana ɗaya cikin kowane goma na karatu sun kai kusan kashi 11 cikin 100 kafin annobar. A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 sun haura kashi 22. A Amurka ma adadin ya kusa ninkawa. Shi ya sa a watan Satumba na 2023 babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya rubuta wa shugabannin makarantu cewa yaro mai ɗan tari ko majina ko kaikayin maƙogwaro yana iya zuwa aji muddin ba ya zazzaɓi. A watan Maris na 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta janye sharaɗin killace kai na kwana biyar ga mai korona.

Na yarda da wannan sassauci. Abin da nake tsoro shi ne a fassara shi da cewa a koma gidan jiya, inda duk yaron da ke iya tsayawa da ƙafarsa ake tura shi.

Maganar mura ba ta da tsawo. Ƙaramin yaro kan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara, tarin da ke biyo bayanta kuma yakan kai mako uku kafin ya washe. In za a ajiye shi mako guda duk lokacin da hancinsa ya zubo, ya rasa wata ɗaya da rabi ko biyu ke nan na karatu, a shekarun da ake koyon haɗa baƙi da ƙirga. Ga shi kuma cututtukan numfashi da dama sukan fara yaɗuwa tun kafin alamunsu su bayyana, saboda haka ranar da aka tsare shi a gida mai yiwuwa ya riga ya fara raba wa abokan zamansa cutar. Yaron da ya ci abincinsa, yake wasa, jikinsa ba zafi, ya tafi makaranta da hankici a aljihu.

Zazzaɓi ne wurin da ya kamata mu tsaya mu yi magana ta gaskiya. Idan zafin jikin yaro ya kai digiri 38 a ma'aunin salshiyos, ba shi da abin yi a aji. Ƙa'idar CDC ita ce sai ya yi awa 24 ba zazzaɓi, kuma ba tare da an ba shi maganin sauke zafi ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ne aka fi takewa. Ana ba yaro farasitamol da asuba, kafin a fita jiki ya yi sanyi, a kai shi bakin ƙofa a juya. Maganin na aiki awa huɗu zuwa shida ne, kuma zafin kawai yake dannewa, cutar tana nan. Wajen tsakar rana sai a ga yaro ya kifa kai a tebur yana rawar sanyi, malamin da ke da aji guda a gabansa ya bar darasi ya koma jinya, yana neman lambar wayar da ba a ɗauka. Yaron bai koyi komai ba a ranar, bai kuma samu hutun da jikinsa ke nema ba. A ƙasashen da ake fama da zazzaɓin cizon sauro abin ya fi haka haɗari, domin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a gwada jini da wuri, kuma a jikin ƙaramin yaro jinkirin yini ɗaya yana iya mayar da ciwon mai tsanani.

Akwai kuma yaran da ba a tunawa da su da safe lokacin da ake yanke shawara: mai asma, mai sikila, wanda ke shan maganin ciwon daji, da wanda zai koma gida ya rungumi ƙaninsa ɗan wata biyu. Abin da ɗanka zai warke daga gare shi cikin kwana uku yana iya kwantar da ɗan wani a asibiti.

Amai da gudawa ma ba abin jayayya ba ne. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce a jira awa 48 bayan na ƙarshe. Mai ƙarambau sai ƙurajen duk sun bushe. Mai ƙyanda kuwa kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje, domin cikin mutum goma marasa rigakafi da suka kusance shi tara za su iya kamuwa, ƙwayar cutar kuma takan yi awa biyu a iskar ɗaki bayan ya fita.

To amma ba zan ɗora wa iyaye laifin duka ba. Uwar da ke ba ɗanta magani ta tura shi ta san ba shi da lafiya, ita ta kwana tana shafa masa ruwa. Tsaka mai wuya ta shiga. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna sana'o'in da ba su da rajista ko kariyar doka. Ga irin waɗannan, ranar da ba a fita ba rana ce da ba a samu ba. Ko Amurka, da duk arzikinta, ba ta da dokar tarayya da ta tilasta wa kamfanoni biyan ma'aikaci ranar jinya. Faɗa wa irin wannan uwa ta zauna a gida awa 48 abu ne mai sauƙi a takarda.

Makarantu ma suna da nasu kason, kuma nasu ya fi saurin gyaruwa. Kyautar wanda bai taɓa fashi ba ya kamata a soke ta, domin lada ce ga yaron da ya yi sa'ar lafiya ko wanda aka turo da ciwo, yaro mai sikila kuwa ba zai taɓa cin ta ba komai ƙwazonsa. A daina neman takardar likita saboda fashin kwana ɗaya. A ba wanda ya kwanta ranar jarrabawa damar rubutawa daga baya, don kada tsoron faɗuwa ya fito da shi daga shimfiɗa. Sabulu da ruwa a bayan gida, da tagogi a buɗe, su ne abin da ya fi cancanta mu riƙe daga zamanin korona, kuma su aka fara mantawa.

Sama da duka, kowace makaranta ta rubuta ƙa'idarta a shafi guda, ta raba wa iyaye a farkon shekara: wane ciwo ne ake zuwa da shi, wanne ne ba a zuwa, kwana nawa ake jira. Iyayen da aka ce wa su tsare yaro a 2021, aka kuma ce su kawo shi a 2023, sun cancanci a gaya musu dalla-dalla abin da ake so su yi gobe da safe.